Jak a Zauren Baba

Babur ɗin mahaifina ya girme ni da wata huɗu. Haka yake gaya wa duk baƙon da ya tsaya kallonsa a zaure, idan kuma ina wurin sai ya ƙara da cewa babur ɗin ya fi ni jin magana. Baƙi ne, ƙirar Japan, mai dogon wurin zama da aka sake wa fata sau uku. A kansa ya yi shekaru yana kai huluna da turare da dardumar salla daga gidanmu na Zango zuwa rumfarsa a babbar kasuwa. A kansa aka kai ni makarantar boko ranar farko, ina zaune a kan tanki ina tsala ihu, shi kuwa yana ɗaga wa mutane hannu kamar ba ɗansa ke kuka a gabansa ba.

Ranar Lahadi kasuwa ba ta ci sosai a Lome, saboda haka safiyar Lahadi ta babur ce. Bayan ya karya kumallo sai ya tuɓe babbar riga, daga shi sai singileti da wando, ya jawo akwatin sifanu daga ƙarƙashin benci. Ƙafar tsakiya, wadda ake kafe babur a kai tayar baya ta tashi daga ƙasa, tsatsa ta cinye ta tun ina ƙarami, don iskar teku ba ta raga wa ƙarfe a garin nan. Maimakon ya sayi wata, sai ya ɗauki tsohon turmin Inna da ya tsage, ya rage masa tsawo da zarto, ya kife shi. Zai kama bayan babur da hannu biyu, ya tallafa da ƙugu, ya ɗaga, ya tura turmin ƙarƙashin inji da ƙafa. Daga nan sai wankin sarƙa da kananzir, da ɗaure ta, da duba birki, da juye baƙin mai idan lokacinsa ya yi. Ban taɓa ganin makanike ya sa hannu a babur ɗin nan ba. Baba yana cewa makanikan yanzu da guduma suke tunani.

Shekara uku da suka wuce, wata Lahadi, na zo gaishe shi daga Amoutivé inda nake haya. A lokacin ya haura saba'in, Inna ta rasu, rumfar kasuwa kuma ya bar wa ɗan ƙaninsa, sai dai ya leƙa idan ya ga dama. Na iso ƙofar zaure, ban kai ga yin sallama ba, na hango shi ya ba ni baya, ya kama babur. Ya ɗaga, tayar ta tashi kamar faɗin yatsa biyu, ta koma. Ya gyara tsayuwa ya sake, babur ɗin ya karkato kansa, ya tare shi da cinya yana nishi, da ƙyar ya mayar da shi kan ƙafar gefe. Ya gwada na uku, ko gezau bai yi ba. Sai ya zauna a benci, ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ɗauki tsumma ya shiga goge madubi, kai ka ce abin da ya fito yi ke nan.

Na ja da baya a hankali. Na zaga ta bayan masallaci, na tsaya wajen mai koko na sayi abin da ba na bukata, sannan na dawo na rangaɗa sallama tun daga nesa.

"Akawu ne?" in ji shi. Haka yake kirana tun da na fara aikin takardun kaya a tashar jiragen ruwa. "Shigo. Yau ba ranar sarƙa ba ce, goge-goge kawai nake yi."

Na ce, "Madalla, Baba." Ga akwatin sifanu a buɗe, ga kwanon kananzir a gefen tayar baya, amma ni da shi babu wanda ya kalle su.

Wanda bai tashi a irin gidajenmu ba zai ce me ya hana ni tuɓe riga in kama masa. Abin da ya hana ni shi ne na san shi. A gidanmu ba a ce wa uba ya kasa, ba a ma nuna masa an ga ya kasa. Da na sa hannu a ranar, da ya bar ni na ɗaga, ya yi min godiya irin wadda ake yi wa baƙo, kuma da ba zai sake taɓa babur ɗin ba a duk ranar da ya san zan zo. Na koma gida da tausayi da haushi a haɗe, haushin kuma ban san ko nasa nake ji ba ko nawa. Kafin in kai Amoutivé na yanke shawarar saya masa jak, irin wanda ake turawa ƙarƙashin cikin babur ya ɗaga shi gaba ɗaya.

Yaya na fara gaya wa. Ita ce babba a gidanmu, tana sayar da atamfa a Hanoukopé, kuma tun rasuwar Inna ita ke kula da abincin Baba da maganinsa da kai shi asibiti. Na same ta a shago tana ninke kaya. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ajiye atamfar, ta jawo min kujera.

"Zauna. Akwai abin da ban gaya maka ba. Wata biyu ke nan da na kai shi wajen likitan ido. Gefen idonsa ya tafi, duka biyun. Abin da ke gabansa yana gani tsaf, amma na dama da na hagu babu, kuma ba zai dawo ba. A gabana dokta ya ce ya daina hawa moto."

"Shi me ya ce?"

"Ya ce Allah ya saka da alheri. Da muka fito ya ce min ai likita cewa ya yi ya riƙa ɗiga magani safe da yamma. Shekaranjiya ma da moto ya je kasuwa."

Na tuna yadda 'yan zemijan, masu acaɓar garin nan, ke ɓullowa daga kowane lungu ba oda ba komai.

"Bon," in ji Yaya, wato to a Faransanci, "Allah ne ya kawo ka da maganar nan. Ba kirik za ka saya ba." Kirik shi ne jak a bakinmu, moto kuma babur, mu da muka yi makarantar Faransanci. "Akwai mai walda a bayan layin nan, zai haɗa maka gadon ƙarfe, tsayinsa ya kai gwiwa. Ka ce saboda damina ne, ka san yadda ruwa ke shiga zaure. Maza huɗu su ɗora moto a kai. Idan ya hau, ya hau ke nan. Baba ba zai fita ya tara maza huɗu ya ce su sauke masa ba, kunya ba za ta bar shi ba. Ba wanda ya hana shi, ba wanda ya yi masa rashin kunya, kuma ya daina."

Na jinjina wayon. Dabarar gidanmu ce tsantsa: ba faɗa, ba musu, sai dai mutum ya wayi gari ya ga abu ya riga ya faru. Na ce mata to, ta ba ni tef ɗin awonta.

Ranar Talata da la'asar, lokacin da na san yana masallaci, na shiga zaure kamar ɓarawo. Na kwanta a ƙasa da rigar ofis, na auna faɗin cikin babur ɗin, da nisansa daga ƙasa, da inda salansa ta bi. Ni mutum ne mai son awo, aikina ne ya lalata ni. Kwantena ba ta fita tasha sai an san nauyinta da tsawonta, sai na zama ko teburin cin abinci zan saya sai na auna ƙofa. Ina kwance wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta leƙo ta ce, "Akawu, lafiya? Me ka yar?" Na ce maɓalli. Ta ce Allah ya bayyana, ta wuce tana waiwayena.

Mai waldar mutum ne mai fara'a. Ya karɓi takardar awona, ya zana abin a ƙasa da alli, sannan ya ce in zo in ga wanda ya gama wa wani da zai yi doguwar tafiya. Ya kai ni bayan rumfa. Ƙarfe ne dogo mai ƙafa huɗu, an yi masa jan fenti na hana tsatsa, kuma don a ji daɗin ɗauka ya ƙara masa hannu a kowace kusurwa. Yana ta yabon aikinsa, ni kuwa ina ƙare wa abin kallo. Tsawonsa, da faɗinsa, da hannuwan nan huɗu, sak makarar da ke jingine a bayan masallacinmu. Na ce masa zan dawo. Har yau idan na bi ta layin nan sai in sunkuyar da kai, don ban koma ba.

Kusa da gidan da nake haya akwai shagon kayan babur, wata mata 'yar ƙabilar Ewe ke riƙe da shi tun da mijinta ya rasu, kuma makanikai da yawa wajenta suke zuwa tambaya. Na shiga da niyyar kallo kawai.

"Wezo, Alaji," in ji ta, wato sannu da zuwa. Duk Bahaushe mai hula Alaji ne a wajensu, ko da iyakar tafiyarsa bakin iyakar Ghana ce. Muka yi magana rabi da Faransanci rabi da Mina, harshen mutanen garin. Na ce jak nake nema.

"Na gyara ko na ajiya?"

Na ce duka biyu.

"Kowa haka yake cewa. Wa zai yi aiki da shi?"

Na ce wani dattijo ne.

Ta jawo guda biyu tsakiyar shago. Na farko ƙarami ne, ƙafafunsa a harɗe kamar almakashi, ana murɗa shi da hannu ya tashi. Ta ce wannan idan ya ɗaga babur zai riƙe shi wata shida bai sauka ko kaɗan ba, amma sai ka durƙusa ka yi ta murɗawa, kuma tsoho ba ya son abin da zai sa shi durƙuso a gaban mutane. Na biyu babba ne, mai faɗi, yana da tayoyi ƙanana da abin takawa a gefe. Ta ɗora ƙafarta ta taka sau da yawa, faifan ya yi ta tashi har ya kusa gwiwata. Ta taka wani ƙaramin ƙarfe, ya sauka a hankali ba ƙara.

"Wannan da mai yake aiki," ta ce. "Ko ni zan ɗaga moto da shi ina riƙe da kofin shayi. Amma ka ji da kyau. Idan ya tashi, ka zura sandar nan ta kulle shi, don mai yana tsiyaya a hankali, ka bar shi haka bayan sati ka tarar ya zauna. Ka ɗaure moton da igiya gefe da gefe. Kada nauyi ya hau salansa. Idan ƙasan ɗakin ba daidai yake ba, ka shimfiɗa katako. Ka kawo awo?"

Na miƙa mata takardata. Ta duba, ta dube ni, ta ce ni ne mutum na farko da ya taɓa shigowa shagonta da awo a rubuce, da kowa haka yake da ta huta. Cikin babur ɗin Baba shimfiɗaɗɗe ne, jak ɗin zai ɗauke shi da ninkinsa.

"Sauke shi fa?" na tambaya. "Dattijon zai iya shi kaɗai?"

"Da babban yatsan ƙafa ma."

Sati biyu na yi ina juya maganar. Abin a fili yake, ba sai an yi min bayani ba. Idan na kawo gadon ƙarfe, Baba ya gama hawa babur, kuma ba shi ya yanke hukuncin ba. Idan na kawo jak mai takawa, zai samu Lahadinsa ta dawo, zai zauna a kujera sarƙa na daidai ƙirjinsa, amma duk ranar da ya so zai sauke babur ya fita titi da idon da ba ya ganin gefe. Yaya tana da gaskiya, ban taɓa shakkar haka ba. Abin da ya tsaya min a wuya shi ne makamin da za mu yi amfani da shi. Kunyarsa ce, ita ce ya raine mu da ita, ita ta sa bai taɓa kiran sunan Yaya ba saboda 'yar fari ce, ita ta sa bai taɓa roƙon kowa komai ba. Yanzu mu za mu ɗauke ta mu ɗaure shi da ita, ya riƙa wucewa ta zaure sau biyar a rana yana ganin abinsa a sama, ya san abin da aka yi masa, ya san su wa suka yi, kuma ba zai iya cewa uffan ba.

Ba zan yi wa kaina ado ba. Akwai tsoro a ciki. Ba na son in zama ni ne na kawo maza huɗun, ni ne zai kalla lokacin da suke ɗagawa. Na gaya wa kaina cewa mutum mai hankali ne, ya ji abin da likita ya ce, idan aka bar shi zai daina da kansa. Na faɗi haka sau da yawa har na fara yarda. Wata Asabar na koma wajen matar, muka yi ciniki, na ɗauki mai takawa da igiyoyi biyu da katako.

Saura yadda za a shigar da shi gida. Ba a kawo wa uba abin da ke cewa ƙarfinka ya ƙare a ce ga tsaraba. Hanyar da muka sani ita ce ajiya. Na sa aka sauke jak ɗin daga keken kaya a ƙofar zaure, na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, na sayi wannan saboda motona, to ɗakina a sama yake, ba wurin sa shi. Ko za a ajiye min a nan?"

Ya zaga jak ɗin a hankali, yana juya kansa gaba ɗaya don ya gan shi da kyau, abin da ban taɓa lura yana yi ba sai ranar. Sannan ya leƙa waje inda na kafe ɗan babur ɗina na zamani, wanda cikinsa duk roba ce.

"Wancan bokitin naka ne zai hau nan?"

Na ce, "Haka mai shagon ta ce."

"Uhm. To, ajiya ce, a ajiye. Amma ba na karɓar ajiyar da ban san lafiyarta ba. Kada gobe ka ce ni na ɓata. Tura shi nan mu gani."

Na shimfiɗa katakon, na tura jak ɗin ƙarƙashin babur ɗinsa, na nuna masa abin takawa da sandar kullewa kamar ina yi wa kaina bita. Ya dafa sitiyari, ya ɗora ƙafa, ya taka. Babur ɗin ya motsa. Ya sake takawa, tayoyin biyu suka bar ƙasa tare. Ya tsaya, ya kai hannu ya juya tayar baya, ta yi ta juyawa ita kaɗai tana 'yar ƙara. Sai na ji ya yi dariya, irin wadda rabon da in ji tun Inna na da rai. Ya sauke, ya ɗaga, ya sauke, ya ɗaga. Kafin azahar tsofaffin masallaci uku sun shigo kallo, yana yi musu bayani kamar shi ya ƙera abin, yana cewa na Akawu ne, ajiya ce, yaran yanzu ba su da ƙarfin ɗaga ko kaza. Na koma gida ina jin daɗin da ban san yadda zan kwatanta ba.

Washegari da sassafe Yaya ta hau benenmu. Ko zama ba ta yi ba.

"Me muka yi da kai?"

Na fara bayani, ta katse ni. Idan ranta ya ɓaci Faransanci take komawa, ranar kuwa ta wanke ni tas da harsuna biyu. Ta ce ni ina zuwa ranar Lahadi in gaishe shi in sha shayi in tafi, ita ke zama a layin asibiti, ita ta ji maganar likita da kunnenta. Ta ce na sayi dariyarsa ta kwana ɗaya da ran wani da ban sani ba.

"Idan ya buge ɗan mutane, kai ne. Ka rubuta ka ajiye, tunda kai akawu ne."

Na ce mata Baba ba fursuna ba ne, kuma ba ita kaɗai ya haifa ba. Maganar ta fito da zafin da ban yi niyya ba. Ta dube ni, ta gyara mayafi, ta sauka. Daga ranar idan na kira ta, sai ta amsa gaisuwa ta kashe.

Damina ta sauka da ƙarfi a shekarar. Ruwa ya cika layinmu, ya shigo zaure har ya rufe idon sawu, babur kuwa na can sama a kan jak, a ɗaure, a kulle, ko ɗigo bai taɓa shi ba. Duk Lahadi ina tarar da Baba a kujera yana wanke sarƙar da ba ta je ko'ina ba. Wata ɗaya ya wuce bai sauke shi ba, aka shiga na biyu. Idan zai je kasuwa sai ya hau tasi, ya ce hanya duk taɓo ce. Na fara tafiya da ƙirji a buɗe. Har na shirya maganar da zan gaya wa Yaya ranar da muka shirya, mai taushi a sama, a ƙasa kuwa ai na faɗa miki.

Ruwa ya ɗauke, hanya ta bushe. Wata Laraba da hantsi ina ofis, tsohuwar nan maƙwabciyarmu ta kira ni a waya. Ta ce, "Alhaji ya fita da moto. Wai ta'aziyya zai je Agbalépédo, abokinsa na kasuwa ya rasu. Na ce ya jira a kira tasi, ya ce sai an jima."

Ban san yadda na iso Zango ba. Na tarar da jak ɗin a kwance a tsakar zaure, igiyoyin a naɗe a kan benci, an ajiye sandar kullewa a gefe tsaf. Baba ba ya riƙe waya idan zai hau babur. Na yi niyyar bin sa, na rasa ta wace hanya ya bi, kuma idan na same shi me zan ce masa a gaban masu zaman makoki. Ina tsaye Yaya ta shigo, ita ma an kira ta. Ta zauna a wancan ƙarshen benci, na zauna a wannan. Aka kira azahar, na je na yi salla na dawo, tana nan inda na bar ta. Duk ƙarar babur da ta shigo layi sai mu ɗaga kai tare. Aka kira la'asar. Ban taɓa jin tsoro irin na yinin nan ba, kuma ba na iya neman sauƙi wajen kowa, don ni na kawo abin.

Bayan la'asar muka ji ƙarar taya a kan yashi, ba ƙarar inji. Ya shigo yana tura babur ɗin da hannu. Babbar rigarsa ta jiƙe sharkaf, ƙafafunsa sun yi futu-futu, hularsa na rataye a madubi. Na miƙe na duba shi, na duba babur ɗin, ba jini, ba karaya, ba ko ƙwarzane. Ya tura shi har saman jak ɗin, ya daidaita shi a kan faifan, ya tsaya yana riƙe da sitiyari yana mayar da numfashi. Yaya ta kawo ruwa, ya ce ta ajiye tukuna.

Na ce, "Lalacewa ya yi, Baba?"

"Lafiyarsa lau."

Ba mu taɓa jin ya ba da labarin abin da ya same shi a hanya ba, don haka ba mu sa rai ba. Sai ya fara magana, idonsa a kan tanki, muryarsa kamar yana faɗin farashin hula.

"Na fito daga gidan rasuwa, na hau babban titi. Ba gudu nake ba. Gabana fes, ba kowa. Sai na ji madubin dama ya taɓa abu. Na taka birki, na juya. Mace ce, da tire a ka, da goyo a baya. Madubin zanen goyon ya shafa. Ban gan ta ba. Wallahi ban gan ta ba, sai da na juyar da kaina duka."

Yaya ta dafe baki.

"Ta sauke tiren, ta kwance goyon a bakin titi tana duba shi, kai da hannu da ƙafa. Yaron barci ma yake, bai farka ba. Mutane suka taru. Na tsaya ina jira ta zage ni, da ta zage ni da na ji sauƙi. Ta mayar da ɗanta, ta ɗaure, ta matso ta kalli idona sosai. Ta ce, Papa, je ka gida. Shi ke nan abin da ta ce."

"Daga can ka turo shi?" in ji Yaya.

"Daga can."

Ni mai son awo, na tsaya ina auna nisan da ke tsakanin madubi da kan jariri a bayan uwarsa, na ga bai kai faɗin tafin hannuna ba. Har yau ban san ko daidai na zaɓa ba. Na san dai cewa matar nan da ɗanta ba su cikin lissafina a sati biyun da na yi ina tunanin mutuncin mahaifina, kuma ba wayona ne ya tsare su ba. Na saci kallon Yaya ina jiran ta faɗi abin da take da haƙƙin faɗa. Ba ta ko dube ni ba, hawaye kawai take sharewa da gefen mayafi.

Baba ya ce mata, "Ke, nemo galan. Za a juye fetur ɗin, kada ya lalace a tanki. Batir ma a cire."

Ta tashi ta shiga cikin gida. Ya ɗaga ƙafar dama zai ɗora a kan abin takawa, ƙafar na rawa, ta zame. Ya sake ɗorawa, ya danna, ba ta da sauran ƙarfi bayan tafiyar nan. Na kawar da kaina wajen ƙofa kamar yadda aka koya mana, ina kallon layi, ina ba shi lokaci.

"Akawu."

"Na'am, Baba."

"Daina kallon waje. Zo ka taka min."

Na zo. Ya riƙe sitiyari, na taka, tayoyin suka bar ƙasa. Na tsaya daidai inda ya saba tsayawa idan zai wanke sarƙa.

Ya ce, "Ƙara."

Na ƙara, har jak ɗin ya kai inda ba ya wucewa. Ya miƙo min sandar kullewa da hannunsa, na zura ta.